Harafin Da Bature Ya Haɗiye

Tun ranar da likita ya hana ni suga nake yawan tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Ita dai ba ta san wani abu wai shi suga ba har ta koma ga Mahaliccinta. Sukari ta sani. Kafin wani ɗan boko ya yi saurin gyara mini zance ya ce ai duk ɗaya ne, to ya ɗan dakata, domin a kan wannan maganar na kusa rasa ƙafata ta dama, ni kuwa tela ne, da ita nake taka keke. Wani ɗan ƙurji ne ya fito mini a babban yatsa, na raina shi, ya ƙi warkewa, ya buɗe baki ya zama gyambo. Da ɗana ya kai ni asibiti aka ɗebi jini aka auna, likitan, wani yaro da bai wuce sa'an autana ba, ya cire tabarau ya ce mini in ban rabu da suga ba yatsan nan zai tafi, kuma ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Na ce to, likita, na ji, na kuma yarda. Ban yi masa ƙarya ba. Daga ranar ban ƙara ce wa kowa ya sa mini suga a shayi ba. Sukari nake cewa.

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da Tudun Wada cike da hon ɗin acaɓa da gurnanin janareta, ba za ku gane irin unguwar da muka taso a ciki ba. A lokacinmu kowane sauti da sunan mai shi yake isowa. Kana kwance a kan tabarma za ka ji guga ta faɗa rijiya, ka san matar maƙwabcinmu ce, don ita ce ke sakin igiya gaba ɗaya kamar mai fushi da ruwan. Ka ji lugude daga bayan katanga, taɓarya biyu suna amsa wa juna, wani lokaci har da tafi a tsakani. Can kuma jirgin ƙasa ya ja jiniya daga tasha, doguwa, irin wadda ke sa yaro ya ji kamar ana kiransa a wani gari. Inda yanzu shaguna suka jeru ana sayar da caja da gilashin waya, dawa ce da ta fi mutum tsawo, ta cikinta muke ratsawa mu kai tumaki bakin rafin Kubanni. Aikina na gida bayan na dawo daga tumaki shi ne tsintar tsakuwa. Inna za ta zubo shinkafa a faifai ta ajiye a gabana, ta ce in buɗe ido da kyau, domin duk tsakuwar da na bari a lomata za ta fito. Abin mamaki, haka kuwa ake yi. Har yau ban gano yadda take shirya wannan ba, amma akwai wani giɓi a gefen hagu na bakina da zai iya ba da shaida.

Zaƙi kuwa ba mu rasa shi ba, sai dai sai an wahala ake kai gare shi. Akwai takanɗa, akwai rake da ake ɓarewa da haƙori har dasashi ya yi jini. Bayan kaka Kawu yakan zo daga ƙauyensu na wajen Maƙarfi da mazarƙwaila a buhu. Na taɓa bin sa can na ga yadda ake yi: doki yana ta zagaye yana juya injin matse rake, ruwan yana tsiyaya, ana tafasa shi a manyan kasake har ya yi kauri, ƙamshin ya cika fadama, zuma na shawagi a kan mutane ba wanda ya kula ta. Duk wannan mun sha. Amma sukari matsayinsa daban ne. Wata gwaggon Inna ce ta dawo daga Makka, irin tafiyar da ake yi a da, wadda sai an fid da rai da mutum sannan a gan shi. Da aka raba tsaraba Inna ta samu wani farin dunƙule mai tauri kamar dutse. Ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a ƙasan adudu, ƙarƙashin zannuwan aurenta. Ba a taɓa shi don kwaɗayi, magani ne. In yaro ya kwanta zazzaɓi bakinsa ya ƙi abinci, sai ka ji an ɗaga murfin adudu, sannan ka ji ƙwas, ta sa bayan wuƙa ta ɓantaro ɗan mitsitsi ta jefa a kunu. Ni kuwa Allah ya yi ni da yawan zazzaɓi a shekarun nan, musamman in na ga ta nufi wajen adudun. Da ta gane, sai ta kafa doka, duk mai zazzaɓi sai ya fara shanye jiƙon maɗaci, in bai tashi ya gudu ba sannan a yi maganar sukari. Nan take lafiyata ta inganta. Ku dubi yadda duniya ta juya, abin da ake ba mara lafiya don ya tashi, yau shi ne sunan ciwon.

Sai da na yi wayo sosai aka sa ni elemantare, har na fi yawancin 'yan ajinmu tsawo da kai guda. Malaminmu na Turanci wani dogo ne siriri, mai gajeren wando da doguwar safa. A ɓoye Malam Agen muke kiransa, don kalmar da yake faɗa ke nan duk sa'ad da yake so mu maimaita abu, kuma bai taɓa ƙoshi da maimaitawa ba. Mutumin kirki ne, bulalarsa ta fi zama a kan tebur fiye da a kan bayanmu. Yana da dabarar zuwa da ƙananan kaya a aljihu, cokali ko ashana ko allura, ya ɗaga ya faɗi sunansu da Turanci. Wata safiya ya zaro wata farar ƙwaya mai kusurwa huɗu, ya ɗaga ta tsakanin yatsu biyu ya tambaya mece ce. Yara suka hau kallon juna. Ni da na san abin tun daga adudu, kodayake namu ba shi da irin wannan kyakkyawar yanka, na ɗaga hannu har ina miƙewa tsaye. Na ce sukari ne.

Malam ya yi murmushi ya ce na yi kusa, amma sunansa shuga. Ya ce sukari bakinmu ne ya karkatar da shi, kamar yadda muka yi wa tebur da asibiti da direba. Bature ne ya zo da abin ya zo da sunansa, mu kuma da muka kasa faɗa sai muka lanƙwasa. Yara suka bushe da dariya, daga ranar kuwa sunana ya koma Sukari har na bar makarantar. Ya juya ya rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe. Ina kallo, duk da kunya ta cika ni, sai na hangi wani harafi zaune a ƙarshe shi kaɗai. Na sake ɗaga hannu na ce, Malam, ga ra can a wutsiya, me ya sa ba mu faɗe ta ba? Ya ce ana rubuta ta amma ba a faɗar ta, haka masu abin suka ga dama. Agen. Muka yi ta rera shuga, shuga, har 'yan ajin kusa suka haddace. Da aka tashi ya kira ni ya danƙa mini ƙwayar a hannu, don ya ga idona ya yi ja. Na sa ta a kumatu na tafi gida ina tsotsa ina fushi.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Na ba ta labari, ina jiran ta yi dariya ta ce in je in kwance tumaki. Sai na ji rariya ta tsaya. Ta ce in sake faɗa mata daidai yadda ya faɗa. Na sake. Ta ce, wato ita ce ba ta iya magana ba, da ita da uwarta da kakarta. Inna mace ce da ba ta fita sai biki ko gaisuwar mutuwa, amma washegari ta nemi izinin Baba. Baba ya ce shi ba ya shiga tsakaninta da boko, ta je, amma ta dawo masa da ɗa da sauran mutuncinsa. Ta ɗauko dunƙulen nan daga adudu, ta yafa mayafi, muka tafi ina tafe a bayanta kamar wanda za a kai wurin mai cire haƙori. Mun isa daidai an fita tara, yara sun cika fili. Da Malam ya ga dattijuwa a ƙofar makaranta sai ya taho da sauri, ya durƙusa da safarsa a ƙasa ya gaishe ta.

"Malam, kai ne ka ce bakina ya karkace?"

"Subhanallahi, Inna, ni ban ambace ki ba. Littafi ne ya nuna sunan na Turawa ne."

"Littafin ya girmi kakata?" Ta kwance tsumman ta miƙa masa dunƙulen. "Ta sha irin wannan a hannun fataken da ke zuwa da raƙuma, sukari take ce masa, kuma ta rasu ba ta taɓa ganin Bature ba ko a mafarki. To wa ta kwaikwaya?"

Malam ya karɓa ya jujjuya, ya sunsuna, ya zaro wata ƙwayar daga aljihu ya jera su a tafin hannunsa. Yara sun kewaye mu, hedimasta na leƙowa ta taga. Sai yanzu da na tsufa na gane halin da yake ciki: ba zai ƙaryata uwa a gaban ɗanta ba, ba kuma zai ƙaryata littafi a gaban ɗalibansa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, Inna, ina ga abu biyu ne. Naku na gabas, wannan mai tauri, shi ne sukari. Wannan kuma na Turawa, shi ne shuga. Inna ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ce to, kowa ya riƙe nasa. Ta karɓi kayanta, ta ɓantara masa ɗan guntu ya kai wa iyali, ta ɗaure sauran. Sai da muka kusa gida ta ce mini malaminmu yana da ladabi, amma raba gardama ya yi, bai ba ta gaskiyarta ba. Wannan maganar ta maimaita ta har tsufanta, duk lokacin da ta ga ana jefa ƙwaya a kofi.

Ban daɗe a makarantar ba bayan haka. In 'yan majalisarmu ta hira suka tambaye ni dalili, nakan ce ba zan iya zama da mutanen da ke rubuta harafi su haɗiye shi ba, wanda ya yi wa harafi haka me zai yi wa amana? Gaskiyar kuwa Baba ne ya rasu, aka kai ni wurin wani tela a bakin kasuwa, na fara da sa maɓalli da hura gawayin dutsen guga har na kai ga hawa keke. Ina girma abin nan yana araha. Ya fito daga adudu ya shiga kwali, ya fita daga kwali ya shiga buhu, har aka koma auna shi da mudu kamar gero. Da na fara samun na kaina na sayo wa Inna kwali guda, na ce ta sha yadda take so. Ta yi godiya, ta sa mini albarka, ta buɗe adudu ta ajiye. Ni kuwa na rama duk zazzaɓin ƙaryar da maɗaci ya hana ni. Shayin safe, shayin la'asar, koko, kunu, fura ma sai na barbaɗa. Hukuncin Malam Agen kuma na riƙe shi kamar fatawa, ina jin daɗin tayar da shi a majalisa don in ga jijiyar wuyan 'yan boko ta tashi. Wasa ne a lokacin. Ban san wata rana zan jingina da shi da dukan nauyina ba.

To da likita ya yanke nasa hukuncin, na dawo unguwa na zauna a bencin mai shayin layinmu na ce a sa mini sukari kamar kullum. Mai shayi ya riƙe cokali a sama ya ce, Baba, ba an ce an hana ka ba? Na gyara zama na yi masa bayani da murya irin ta masu wa'azi, cewa likita suga ya ambata, da kunnena na ji, kuma tun kafin a haifi ubansa wani malami mai safa ya raba tsakanin biyun a gaban shaidu. Yaron ya ga furfura, ya ga yadda na haɗe fuska, ya zuba. A gida ina shan shayin matata Hajiya salam, ina yaba mata, a waje ina cike gurbi. Gyambon kuwa bai san fatawa ba. Ya faɗaɗa, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, na koma salla a zaune. Kekena da ban taɓa barin ya kwana da ƙura ba, aka lulluɓe shi da tsohon zane a kusurwar shago. Nakan wuce in ɗauke kai kamar wanda ya haɗu da surukinsa. Tsoro na nan, ba zan ɓoye ba. Amma a raina ina jin in na bar ɗan zaƙin nan, na rufe murfin adudun Inna ke nan har abada.

Tururuwa ce ta tona mini asiri. Hajiya ta ɗauki rigata za ta wanke ta tarar sun yi layi zuwa aljihu, inda na ajiye 'yan ƙwayoyi saboda ko-ta-kwana. Ta zo ta tsaya a kaina da rigar a hannu. Na fara karanto mata fatawa, ta ɗaga hannu ta ce, Malam, tun shekarar da aka kawo ni gidan nan nake gardama da kai ban taɓa ci ba, ba kuma yau zan fara ba, uwarka zan kira maka. Ummi take nufi, 'yar ɗana na fari, wadda aka sa wa sunan Inna. Saboda sunan nan ba na iya kiranta da shi, ba kuma a yi mata faɗa a gabana. Tana karatun Turanci a makarantar da ke unguwar Kongo, nan kusa da mu, wai malama za ta zama. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba: ina ce mata 'yar boko mai cin tuwo da cokali, tana ce mini Baba Tsoho ɗan aji biyu da rabi.

Ranar Asabar da hantsi ta zo. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar darbejiya, ta kawo ruwan ɗumi da auduga, ta ɗora ƙafata a cinyarta ta fara kwance bandeji yadda nas ta koya mata. Da ta ga abin da ke ciki hannunta ya tsaya kaɗan. Ta ce dai in ba ta labarin mai sunanta da malamin nan mai safa, ta ji ana yi a gida guntu-guntu. Na bayar, har da muryar Malam na kwaikwaya. Da na zo kan harafin wutsiya ta ɗago kai.

"Ra ɗin nan, Baba Tsoho, ka taɓa samun wanda ya gaya maka daga ina ta fito?"

Na ce ai an gaya mini, masu abin ne suka ga dama. Ta ce a makarantarsu akwai darasin da ake bin kalma kamar yadda tsofaffi ke bin dangantaka a wurin neman aure, wane ya haifi wane, kuma wannan kalmar tana cikin waɗanda suka bi. Ta ce Turawan Ingila ba su suka haife ta ba, a hannun Faransawa suka karɓa, su kuwa sukre suke cewa. Na ce ashe Bature ma yana shiga maƙwabta ɗibar wuta. Ta ce Faransawan ma ba tasu ba ce, ta hannun fataken Italiya ta zo musu, malaman Turai na wancan zamani kuma da suke rubutu da Latin suka rubuta ta. Na ce ai ni ma na sha yin latti a makaranta, ban san harshe ba ne, da na nemi shaida. Ta danna audugar da ɗan ƙarfi har na ja numfashi, ta ce Latin harshen Rumawan da ne, ya mutu amma ya bar 'ya'ya, Faransanci da Italiyanci duk nasa ne. A Latin ɗin, in ji ta, sukkarum ake rubutawa.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Wannan ai sukarin Inna ne aka sa masa gajeren wando da safa.

Ta ci gaba tana shafa magani. Ta ce masu Latin a wurin Larabawa suka ji, don Larabawa ne suka kai noman rake da sana'arsa har bakin ƙasashen Turai, kuma su sukkar suke cewa. Namu sukarin daga bakin Larabawan ya taho kai tsaye, ta hamada, bai biya ta Ingila ba. Na ce wato kakar Inna ba ta kwaikwayi kowa ba. Ta ce sai dai wanda ya sayar mata. Larabawa kuma a Farisa suka samo, can shakar ne. Mutanen Farisa suka samo a Indiya, a wani tsohon harshe da ake kira Sanskirit. Na ce wannan kam sunan maganin tari ne. Ta ce a maganin tarin ana cewa sharkara, kuma in na canki asalin ma'anarsa za ta daina cin tuwo da cokali. Na ce zuma. Na ce farin ciki. Ta girgiza kai.

"Tsakuwa," in ji ta. "'Yan ƙananan duwatsu. Da suka dafa ruwan rake ya bushe ya zama tsaki-tsaki, abin da ya yi musu kama da shi ke nan."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Duk shekarun da na yi ina tsince tsakuwa daga faifan Inna, ashe na girma ina biyan mai shayi ya zuba mini ita da cokali. Ummi ta bar ni na gama, sannan ta ce in lura da abu ɗaya, ta jero su a hankali: sharkara, shakar, sukkar, sukkarum, sukre. Ta ce ra ɗin da na gani a allo ita ce wannan, tun daga Indiya take tafe, kowa ya karɓa ya riƙe ta, sai da ta isa Ingila aka bar ta a takarda. Ta ƙara da cewa wasu Turawan ma suna faɗar ta. Na ce ban da na Malam Agen. Daga nan na hango Inna a zuciyata tsaye a ƙofar makaranta da tsumma a hannu, yara sun kewaye ta, ita kaɗai da abin da kakarta ta faɗa. Idona ya ciko, na ɗora laifin a kan maganin da ake shafa mini. Na ɗaga murya na kira Hajiya, na ce ta fito ta ji, Inna ta ci shari'a, a ɗora shayi, a kuma sa sukari yadda ya kamata don yau ranar murna ce.

"Tsaya tukuna, Baba Tsoho." Ummi ta ɗaure bakin bandeji ta riƙe ƙafar ba ta saki ba. "In ka yarda da abin da na faɗa, sukari ɗan sukkar ne, shuga tattaɓa-kunnensa. Gida ɗaya ne, abu ɗaya ne, kuma likita ya hana. In kuwa abu biyu ne yadda malaminku ya yanke, sha abinka, amma Inna ba ta ci komai ba, tana nan tsaye inda ya bar ta. Zaɓi ɗaya."

Na dubi yarinyar nan. Na dubi ƙafar. Tun da nake ba a taɓa ɗinke ni ta ciki da waje irin na ranar ba. Na tambaya ko akwai damar ɗaukaka ƙara, ta ce kotun ta tashi. Na ce to mazarƙwaila fa, ita ai ba ta je Indiya ba, 'yar Maƙarfi ce. Ta ce sunan ne bai je ba, amma raken ɗaya ne, kuma jinina ba ya tambayar kowa garinsu. Ina jin Hajiya a bayan ƙofa tana dariya cikin mayafi. Na daɗe ina wasa da bakin tabarma. Inna ta jira gaskiyarta tun ina da gashi baƙi, ba zan sake barin ta a ƙofar makaranta saboda cokali biyu ba. Na ce a rubuta, Inna ta ci.

Shayin farko da na sha bayan nan, wallahi jiƙon maɗaci ya fi shi tausayi. Na biyu ma haka. Hajiya ta rage mini malmalar tuwo ta ƙara ganye, ta ɗauki ƙwayoyin magani ta mai da su aikinta, Ummi kuma duk Asabar tana zuwa duba ƙafa da neman tsokana. A hankali harshe ya saba, har na fara jin ashe shayi yana da ɗanɗano nasa na kansa wanda ban taɓa ba shi dama ya nuna ba. Gyambon ya fara bushewa daga gefe, yana tsukewa kamar bakin jaka. Da muka koma asibiti likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce Baba me ka canza? Na ce na daina shan tsakuwa. Ya dubi ɗana, ɗana ya ce masa kar ya damu, haka yake tun asali. Mai shayi ma yanzu ya haddace, da ya hango ni sai ya ce, na Baba, ban da tsakuwa.

A majalisa kuwa na zama shehin malami. Ina jero musu salsalar tun daga Indiya, in na ga sun natsu sai in ƙara nawa reshen, in ce ita kanta kalmar tsakuwa ƙanwar sharkara ce, ku saurari yadda suke kama. Ummi ta ce wannan ƙarya ce tsagwaronta, babu shi a kowane littafi. Na ce ta bari ta gama karatun tukuna. Malam Agen kuma ina sa shi a addu'a tare da Inna. Bai cuce mu ba, littafinsa ne ya tsaya a bakin teku, kuma da bai rubuta harafin nan a allo ba da ban gan shi ba. Na daɗe ina cewa yaran yanzu ba su san komai ba sai latsa waya, an rufe rijiyoyi, an daina lugude, jiniyar jirgi ma sai a yi wata da watanni ba a ji ba. Duk gaskiya ne. Amma tambayar da na yi ina ɗan makaranta, wadda malamina bai da amsarta, jikata ce ta zo da ita har gida tana wanke mini ƙafa. A bana na rage zagin zamani.

Shekaranjiya na sa takalmi ya shiga. Na taka har shago, na yaye zanen da ke kan keke, na goge shi na ɗiga masa mai. Ummi ta kawo yadi tun tuni, wai doguwar riga take so ta ranar da za ta fara shiga aji koyarwa, kuma ta rantse ba telan da zai taɓa shi sai ɗan aji biyu da rabi. Na zura zare, na daidaita bakin yadin a ƙarƙashin allura, na yi bisimilla na ɗora ƙafar dama a kan feda. Yatsan ya ɗan yi tsami, sannan ya tuna aikinsa. Keken ya ɗauka, rrrrr, ya cika shagon har waje. Na ɗaga ƙafa na saurara, na sake takawa. Ra ce tsantsarta, ba wanda ya haɗiye ta. Mai shagon kusa ya leƙo ya ce, Baba, lafiya kake dariya kai kaɗai? Na ce ya yi shiru, Inna ce ke magana.